Sikanin Fuseini Mahauci

Shekara talatin da huɗu Fuseini ya yi yana babbaka a bayan mayanka. Tun yana saurayi mahaifinsa ya ɗora shi a kan aikin. Za a kawo kawunan shanu da ƙafafu da fatar da za a yi ganda, shi kuma ya jera su a kan ƙarfe, ya cinna wa tsofaffin tayoyin mota wuta a ƙarƙashi, ya yi ta juyawa yana kankarewa har gashi ya ƙone tas. A cikin Tamale, daga unguwar Tishigu har Lamashegu, da wuya a sami mai sayar da tuwo da ba ta san aikin hannunsa ba. Hayaƙin taya baƙi ne mai kauri, yana kama riga da gemu da cikin hanci, amma a wancan zamanin babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. In mutum ya yi kaki ya ga baƙi, sai ya sha madarar gwangwani ya koma bakin wuta.

Yana da shekara hamsin da ɗoriya tari ya kama shi. Da farko da safe ne kawai, daga baya ya ƙi barinsa. Tsakanin gidansa da masallacin unguwa bai kai taki ɗari biyu ba, amma sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango kafin ya isa. A asibiti aka ce masa hanyoyin iska na huhunsa sun ƙuntata, ciwo ne da ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi, aka ba shi abin shaƙa iri biyu. Ya rage zuwa bakin wuta, amma bai daina ba.

Tarin ne ya jawo masa ciwo na biyu. Wata rana yana cikin tari ya ji wani abu ya ɓullo masa a matsematsin dama, kamar ƙwan kaza. In ya kishingiɗa ya danna sai ya koma, in ya miƙe ya yi tari sai ya dawo. Wata huɗu yana ɓoye wa matarsa Memunatu, har ranar da ta lura ba ya tari sai ya sa hannu ya tare wurin. Ba ta yi masa gardama ba. Waya ta ɗauka ta kira 'yarsu Zuweira, wadda ke koyarwa a wata firamare a Lamashegu. Washegari Zuweira ta zo da babur ɗinta ta ɗauke shi.

Likitan tiyata ya ce ƙaba ce, hanji ne ke leƙowa ta inda naman ciki ya yi rauni, kuma aiki za a yi. Amma da ya sa abin sauraro a bayan Fuseini, sai ya daɗe yana ji, ya ajiye biro.

"Ba zan taɓa ka ba sai likitan huhu ya gwada ka," in ji shi. "Kafin nan, in abin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ko ka fara amai, kada ka jira komai. A kawo ka nan da nan."

Tun daga ranar Fuseini ya rasa sukuni. Yana da aboki, Yidana, wanda suka yi shekara ashirin a bakin wuta ɗaya, tarinsu ma iri ɗaya. Shekara uku da suka wuce aka yi wa Yidana aikin gaggawa a wani gari, aka sa shi barci. An gama aiki lafiya, amma numfashinsa ya ƙi dawowa da kansa. Kwana tara ya yi na'ura na hura masa iska kafin ya cika. Fuseini ya je ya gan shi da bututu a baki, kuma bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Yanzu in ya tuna aikin sai gabansa ya faɗi, in ya tuna barin ƙabar ma haka.

Ranar Talata aka ba su ta ganin likitan huhu. Takardar ta ce sikanin za a yi masa, abin da ya ƙara ɗaure masa kai, don shi a saninsa masu juna biyu ake yi wa sikanin. Da suka isa kuwa, bencin cike yake da mata masu ciki, kowacce da robar ruwanta. Ya zauna a can ƙarshe ya sunkuyar da kai, hularsa a gwiwa.

"Zuweira, kin tabbata nan ne?"

"Nan ne, Baba. Na tambaya sau biyu."

"To me za su gani a cikina? In wani mugun abu suke zato, gara a gaya mini."

"Babu wanda ya ce haka," ta ce. Amma ya ga ta ninke katin inshorarsa da takardar asibiti tana warwarewa, tana sake ninkewa.

Likitan huhun sunansa Dokta Elikem, mutumin kudu ne, dogo, mai magana a hankali. Shekara bakwai ya yi a Tamale, ya tsinci Hausar kasuwa, yana haɗawa da Turanci, inda ta ƙare masa Zuweira ta cike. Ya gaishe da Fuseini da hannu biyu, ya ce ya cire riga ya hau gado.

Nas ta kwantar da gadon sumul. Bayan Fuseini na taɓa katifa ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Ya ja iska ta ƙi shiga. Ya yunƙura zai tashi, hannunsa ya bugi tiren ƙarfe, kaya suka zube ƙasa. Shekara biyu ke nan ba ya kwanciya rigingine, da matasai uku yake barci, amma bai taɓa faɗa wa likita ba.

"A ɗaga masa kai," in ji Dokta Elikem. Da kansa ya murɗa gadon har Fuseini ya koma kamar mai kishingiɗa. "Baba, yi haƙuri. Ba sauri. Ka huta tukuna."

Sai da numfashinsa ya lafa likitan ya matsa masa wani abu mai sanyi da yauƙi a ƙasan haƙarƙarin dama, ya ɗora wani ɗan abu mai kama da sabulu, ya danna. Allon na'urar ya cika da toka-toka. Fuseini bai ga komai a ciki ba sai hazo.

"Wannan hanta ne," likitan ya ce yana nunawa da yatsa. "Hantar ka. Ta cikin shi muna leƙa. Ka ga farin layi nan, a baya? Ja numfashi."

Fuseini ya ja. Farin layin ya matso, ya saki, layin ya koma. Ya sake ja, yana kallo. Can ya ɗago kai kaɗan.

"Ai tantani ne wannan. Wanda ya raba huhu da kayan ciki."

Dokta Elikem ya dubi Zuweira, ta fassara masa. Ya yi murmushi. "Ka san shi?"

"Ni mahauci ne, likita. Na yanke shi ya fi a ƙirga. A cikin saniya yana nan kamar an kife ƙwarya, gefensa jan nama, tsakiyarsa fari."

"To shi ne yake ja iska. Huhu ba ya ja da kansa. Wannan nama in ya sauka ƙasa, iska ya shiga. Shi muke so mu auna."

Daga nan likitan ya koma kan na'urar. Ya danna wani maɓalli, hoton ya koma layi mai hawa da sauka. Ya ce Fuseini ya yi numfashi yadda ya saba. Ya ce ya ja iya ƙarfinsa. Ya ce ya shaƙa da hanci da sauri, kamar mai sansana nama ya ji ko ya kwana. Kowane ɗaya sau uku. Yana tsayar da hoton, yana sa alama sama da ƙasa, yana rubuta lamba a takarda. Ya koma gefen hagu, ya daɗe yana laluben wuri, ya ce a juya kaɗan, ya sake lalube. Fuseini ya daina kallon allon, ya koma kallon fuskar likitan. Ya ga ya tattara gira. Ya ji zufa na gangaro masa ta bayan kunne, ga fanka na juyawa. Ya tuna bututun da ke bakin Yidana, ya fara salati a zuci.

Likitan ya canza kan na'urar zuwa wani siriri, ya sa tsakanin haƙarƙari biyu, ya auna kaurin naman lokacin da iska ta fita da lokacin da ta shiga. Sannan ya goge masa jiki, ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon.

"Abu na farko," ya ce, "duka gefe biyu suna aiki. Babu wanda ya mutu. Abin da na ji tsoro ke nan, kuma babu shi."

Zuweira ta sauke ajiyar zuciya. Fuseini bai sauke ba, don ya ji an ce na farko.

Na biyun da Turanci likitan ya faɗa, Zuweira na juyawa. Huhun Baba ba ya iya fitar da iska duka, kullum akwai saura a ciki, ya kumbura ya danne tantanin har ya baje, ya daina zama kamar ƙwaryar da ya faɗa. Naman da ya baje ba shi da wurin motsi. Na lafiyayyen namiji, in ya ja numfashi sosai, yakan sauka santimita biyar ko shida. Na Baba biyu da rabi ne. Sa shi barci da bututu akwai haɗari, ba za su so haka ba. Akwai allurar baya mai kashe rabin jiki, mutum na farke a yi aiki. Amma ita ma tana kashe naman ciki na ɗan lokaci, ta bar tantani shi kaɗai da aikin numfashi, kuma dole mutum ya iya kwanciya kusan awa guda.

"Yau ba ka iya minti ɗaya ba," in ji likitan. "Ina so ka ba ni sati takwas. Nama ne, in an ba shi aiki yana ƙara ƙarfi. Sai mu sake aunawa."

"In ƙabar ta maƙale kafin nan fa?"

"Sai mu yi abin da dole. Amma ba na so mu kai can." Ya dubi hannun Fuseini. "Wuta fa, Baba? Ka daina?"

"Na daina."

"Baba," Zuweira ta ce a hankali.

Fuseini ya dubi faratansa, baƙin da ke ƙarƙashinsu sabo ne. "Sau biyu a sati nake leƙawa," ya ce.

"Daga yau ko sau ɗaya."

Aka koya masa abin da zai riƙa yi. Safe da yamma ya kishingiɗa, Memunatu ta ɗora masa ƙullin shinkafa a kan cibiya, ya ja iska ta hanci har ƙullin ya ɗaga, ya sake ta ta baki a hankali kamar mai hura koko mai zafi. Aka ba shi wata 'yar roba mai wuyar zuƙa, ya zuƙa sau talatin. Bayan la'asar ya taka daga ƙofar gida zuwa bakin titi ya dawo. Satin farko kansa har juyawa yake yi, ƙullin kuwa da ƙyar yake motsi. Ya ce wa Memunatu wannan wasan yara ne. Ta ce to ya yi wasan, ita za ta ƙirga. Duk tarin da zai yi sai ya tare matsematsinsa da hannu, bayan ya lafa ya shafa ya ji ko abin ya koma. A rana yakan shafa ya fi sau hamsin. A sati na huɗu ya cire matashi ɗaya, ya ga bai shaƙe ba, bai gaya wa kowa ba don kada ya yi saurin murna.

A sati na shida Babbar Sallah ta zo. Tun da ya yi wayo bai taɓa yin Sallar layya ba tare da wuƙa a hannu ba. Ranar farko mutane suka yi ta zuwa da kawunan raguna a cikin bokiti, Memunatu na tare su a zaure tana ba su haƙuri. Shi yana ɗaki yana jin muryoyinsu. Rana ta biyu da hantsi, Memunatu na wurin surfe, ya jiyo ƙaurin gashi daga bayan gida. Maƙwabcinsa Andani ne, tela, ya haɗa wuta da guntun taya yana ƙona kan rago. Fuseini ya leƙa ta katanga ya ga kunnen ya zama gawayi, goshin ko taɓuwa bai yi ba.

"Malam Andani, ba haka ake yi ba. Ɗaga shi daga harshen wutar."

Nufinsa ya nuna masa da baki. Bai san lokacin da ya zagaya ya karɓi wuƙar ba. Hannunsa ya tuna komai. Ya gama kai ɗaya, ya jawo ƙafafu. Iska ta juyo da hayaƙin ta watsa masa a fuska.

Tarin da ya sarƙe shi bai taɓa yin irinsa ba. Ya durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da wuƙa, bai sami damar tare wurin ba. Da ya lafa ya shafa, ya ji abin ya fito ya fi kullum girma. Ya lallaɓa ɗaki ya kishingiɗa ya danna. Bai koma ba. Ya sake dannawa, wani zafi ya soke shi har cibiya. Wurin ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro.

"Memunatu," ya kira. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya sake.

Ta shigo hannunta duk dusa. Ta dubi fuskarsa, ta shaƙi warin da ke jikin rigarsa. Ta fita da gudu ta tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a bakin titi, Andani ya taimaka aka sa shi a ciki. Hanya cike take da masu yawon Sallah, babura ta ko'ina. Duk ramin da keken ya faɗa sai Fuseini ya ciji leɓe. Yana jin zuciyarsa na tashi, yana haɗiye yawu, don ya tuna an ce in amai ya zo abin ya ɓaci. Memunatu na riƙe da kansa da hannu ɗaya, ɗayan na kiran Zuweira.

Likitan da ke bakin aiki ranar mace ce, ba su san ta ba. Ta karanta katinsa, ta sa aka yi masa allurar rage zafi, aka ba shi iska ta hanci, ta ce ya lanƙwashe gwiwa. Ta ɗora hannu biyu a wurin tana matsawa a hankali, ba ta saki ba. Fuseini na kallon silin. Ya ji ta ce wa nas a sanar da ɗakin tiyata su zauna da shiri. Ya nemi idon Zuweira, wadda ta iso ko mayafi ba ta daidaita ba.

"In sun ce za su sa ni barci," ya ce mata, "ki ce su kira dogon likitan nan tukuna."

"Za a kira shi, Baba. Yi shiru ka yi numfashi."

Kusan minti goma sha biyar likitar ta yi tana matsawa. Can ya ji wani ƙulululu a cikinsa, zafin ya sake shi lokaci guda. Ta ɗaga hannu ta ce ya koma. Amma ba za a sallame shi ba, kuma ba za a jira sauran sati biyun ba, don abin da ya maƙale sau ɗaya zai sake.

Washegari da safe Dokta Elikem ya zo ɗakin marasa lafiya yana tura ƙaramar na'ura a kan keke. Yana hutun Sallah ne aka kira shi. Fuseini ya kasa haɗa ido da shi.

"Likita, na koma bakin wuta jiya. Laifina ne."

"Na ji. Ɗaga riga."

Ya shafa abin sanyin, ya danna a ƙasan haƙarƙari. Fuseini ya ji ƙirjinsa a cushe saboda hayaƙin jiya, ya tabbata lambar za ta fi ta da muni. Ya ja numfashi, tari ya katse shi. Aka jira. Aka ba shi abin shaƙa, aka sake jira. Ya ja na biyu, ya tura cikinsa waje yadda ya saba yi da ƙullin shinkafa. Likitan ya tsayar da hoto ya sa alama. Sau uku.

"Uku da ɗigo uku," ya ce. "Kaurin shi ma ya fi da."

"Ya isa?"

"Ban ce ya yi kyau ba. Na so ya fi haka. Bari mu ga abu ɗaya."

Ya sauke gadon a hankali har ya rage matashi ɗaya, ya maƙala masa wani abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jini, ya duba agogo. Nauyin ya zo ya zauna a ƙirjin Fuseini, amma bai kai na ranar farko ba. Ya rufe ido yana hura iska ta baki. Memunatu na gefe tana ƙirga masa a hankali. Da aka yi minti ashirin likitan ya ce ya isa, zai gaya wa masu tiyata su yi da allurar baya, kuma shi ma zai shiga.

Ranar Alhamis aka yi aikin. Aka zaunar da shi ya rungumi matashi, aka soka allurar a gadon bayansa. Ƙafafunsa suka yi ɗumi, suka yi nauyi, suka ɓace. Da mutuwar jikin ta hau har saman cibiya, sai ya ji kamar ba ya numfashi ko kaɗan, don ba ya jin cikinsa na motsi. Ya fara fizge hannu.

"Ba na numfashi. Likita, ba na numfashi."

Dokta Elikem ya sunkuyo daidai kunnensa. "Kana yi. Ga lamba nan, tasa'in da huɗu. Kana magana, ai da iska kake magana. Ja ta hanci. Sake ta baki. Kuma."

Haka suka yi ta yi. Yana jin ƙarar ƙarafa a bayan labulen da aka tare masa, yana jin ana jan wani abu can nesa, babu zafi. Sau ɗaya tari ya taso, mai aikin ya dakata har ya wuce. Da aka ce an gama bai yarda ba sai da aka cire labulen.

Kwana uku ya yi aka sallame shi. Kafin su tafi Dokta Elikem ya gaya masa gaskiya: ƙaba ta tafi, ciwon huhu yana nan, kuma zai zauna. Robar zuƙa da tafiyar yamma ba na sati takwas ba ne, na sauran rayuwa ne. Bayan wata uku ya dawo a sake aunawa, in lambar ta sauka za a san da wuri.

A gida aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar baranda. Andani ya zo gaisuwa da kwanon nama, ya zauna yana ta ba da haƙuri har Fuseini ya ce masa ya bari, ba shi ya miƙa masa wuƙar ba. Bayan ya tafi gidan ya yi tsit. Daga madafa Memunatu na hura itace za ta ɗora ruwan tuwo, hayaƙi na fitowa ta ƙofa da ta saman bango. Sai ya ji ta yi tari, ta dakata, ta sake yi, mai kauri, daga can ƙasan ƙirji. Ya kasa kunne. Ya rasa tun yaushe take yin sa, don shekarun nan duk nasa yake saurare.

Zuweira na ɗaure jakarta a bayan babur za ta koma Lamashegu. Ya yafito ta da hannu.

"Ranar da za mu koma, ki zo da katin Mmanki."

"Me ya same ta?"

"Ban sani ba. Shi ya sa."

Memunatu ta leƙo tana share ido da gefen zane, ta ce ita lafiyarta ƙalau, hayaƙi ne kawai ya shige ta. Fuseini ya ce ya ji, amma dai a zo da katin. Zuweira ta dubi mahaifiyarta, ta ciro waya ta rubuta ranar, sannan ta tayar da babur.